Gefen da Kawu Bai Ɗaure Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu

Matuƙiyata,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kina lafiya, karatun zanen taswira yana tafiya daidai, kuma iskar bakin teku ba ta sa miki mura ba. Mu nan lafiya lau. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci a kan lokaci, ko har yanzu sai an bi ki da kwano. Mahaifiyarki ta aiko da saƙo makon jiya, su ma lafiya. Ni da ita kaka kawai muka haɗa, amma tun da kika yi shekara shida a gidan nan kina makaranta na daina duba nisan dangi. Ke 'yata ce, magana ta ƙare.

Ga labari. Ƙarshen zangon nan zan ajiye alli, bayan shekara talatin da huɗu ina koyar da tarihi. Shugaban makaranta ya tambaye ni abin da nake so a ba ni ranar bankwana, na ce masa ni ne zan bayar. Zan bar wa ɗakin karatu babban jirgin ruwan nan na katako mai turke uku, wanda na fara haɗawa tun kina nan. Kin tuna lokacin da ƙashin baya ne kawai da haƙarƙari, kina cewa ya yi kama da kifin da aka cinye? To ki zo ki gani yanzu. Jiki ya rufu, na goge shi da sanfefa har yana sheƙi.

Ina so yaran da ba su taɓa ganin teku ba su tsaya a gabansa su gane cewa shekara ɗari biyu da suka wuce mutane sun ɗauki kaya sun tsallaka ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ba inji, ba mai, sai iska da ƙyalle da igiya. Kowane inci ɗaya a jirgina ƙafa biyar ne a na gaske. Idan na faɗa musu haka suka auna da rula, darasin ya shiga ke nan, ba sai na yi ta surutu ba.

Igiyoyi suka rage, su ne kuma aikin. Na kafe jirgin a kan teburi da kusoshi, hancinsa yana kallona, ba zan motsa shi ba sai igiyar ƙarshe ta ɗauru. Dokar ita ce wadda na koya miki a kan katakon jiki: ɗaya dama, ɗaya hagu. Idan mutum ya bi gefe guda ya manta da ɗayan, igiyoyin za su ja turke ya karkace, kuma ba ya miƙewa.

Don haka ga aike. Ki samo mini zare baƙi da mai ruwan ƙasa, kauri uku, wanda ba ya gashi. Kakin zuman da zan shafa masa ina da shi. Sannan ki je bakin ruwa ki duba yadda masu jirgi ke ƙulla igiya a jikin igiya, ki zana mini. Littafina ya nuna, amma hoton ya dushe.

Ranar Laraba ina gaban allo kaina ya yi wani irin sarawa, dasta ya suɓuce daga hannuna na hagu. Yara suka yi dariya, ni ma na taya su. Kafin a tashi ya lafa. Ban gaya wa Innarki ba, kin san ta.

A wasiƙarki ta baya kin ce kin sami daki mai kyau. Ban san wani abu daki ba. Ɗaki na sani. Ki kula da ƙugiyar haruffanki.

Kawunki

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna. Ina lafiya ƙalau. A gaya mata ina cin abinci sau uku, wani lokaci huɗu, don wadda muke ɗaki ɗaya da ita nas ce, ba ta yarda da zama da yunwa. Ka ga ƙugiyar ɗakin? Sau biyu na bi ta da biro.

Ga zaren nan a cikin ƙunshi. Shago biyar na shiga kafin in sami wanda ba ya gashi. Mai shagon ƙarshe ya tambaye ni wane irin ɗinki zan yi, na ce jirgin ruwa. Ya dube ni ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Na je bakin ruwa. Kawu, irin jiragenka babu su. Na yanzu duk ƙarfe ne, kamar an kwantar da bene a kan ruwa, ba turke ba ƙyalle. Amma na sami wani dattijo yana gyaran igiyoyi a gindin wani sito, na nuna masa abin da nake nema. Ya ƙulla mini sau uku a hankali ina zanawa. Da na ce za ka yi irinsa da zare sau ɗari bakwai, da hantsaki, sai ya ajiye igiyar ya ce, “Kawun naki yana da mata kuwa?” Na ce yana da ita, tana nan tana haƙuri.

Na yi murna da maganar bankwana, na kuma ji wani iri. Ban san makarantar nan ba tare da kai ba. Jarrabawarmu ta ƙarshe ranar Talata ce, 8 ga Afrilu. Idan bikin ya zo bayan nan, da ni za a yi.

Yaya kan naka? Ina jin zama ne a rufe a ɗakin aiki da warin gam. Ka riƙa buɗe taga ko da iska za ta kaɗa zaren. Ka gaya mini yadda igiyoyin ke tafiya.

'Yarka,
Matuƙiya

Lahadi, 2 ga Maris

Matuƙiyata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Innarki lafiya, tana gaishe ki. Ƙunshi ya iso, zaren ya yi, zanen ya fi na littafi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Rubutu yana cin lokaci kwanan nan, ban san dalili ba.

Shugaba ya ce in zauna a gida in huta sauran zangon, in ƙarasa jirgi a natse. Wai yara sun ce rabin allo nake rubutu. Ni ban ga haka ba, amma ban yi gardama ba, don lokacin nake nema. Masinjan makaranta shi ke kawo mini wasiƙu ya kuma kai nawa.

Gidan nan ya canza hali. Hantsakina yana ɓata sau goma a rana. In ajiye kwalbar gam, in juya, babu ita, can kuma in gan ta. Na zargi Innarki da shiga tana shara, ta rantse rabonta da ɗakin aiki tun bara. Sau biyu na bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗa, har na ce ko gini ne ya motsa. Jiya ta tsaya a kaina tana cewa, “Malam, me abincin ya yi maka ka ci rabi ka bar rabi?” Na ce na cinye. Ta juya kwanon, sai ga abinci. Muka yi dariya, amma ita tata ba ta daɗe ba.

Wani lokaci ina zaune ina aiki sai in ji kamar akwai mutum tsaye kusa da ni. In duba, ba kowa. Hannun hagu kuma ya yi nauyi, kamar aron sa aka ba ni.

Kin tambayi igiyoyi, kin tambayi ciwon kai. Ina daurewa, 'yata. Ina daurewa dai, daga safe zuwa la'asar. Turken gaba ya kusa.

Kawunki

Talata, 11 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna, da fatan an tashi lafiya. Ni lafiya, sai karatu da ya taso mu gaba.

Yau ranata ce. Shekara shida kana bin littattafaina da jan biro, yau na kama ka, har sau biyu a layi ɗaya. “Ina daurewa.” Ina ƙugiyar ta tafi, Malam? Igiya ake ɗaurewa. Na karanta wa abokiyar zamana, na yi mata bayanin ko kai wane ne, muka yi ta dariya har maƙwabta suka buga bango.

Na kuma lura ka bar mini fili a gefen hagu na takardar, kusan rabinta, kamar yadda kake sa ɗalibai su bari don gyara. Na gane nufinka. Na sayi jan biro musamman, na yi maka gyara a filin, na ba ka bakwai bisa goma. Ga takardar nan na haɗo, ka sake rubutawa sau uku.

Maganar hantsaki, Kawu, teburinka ne ya cika. Ka bar Inna ta shiga ta gyara sau ɗaya, ba za ta cinye jirgin ba.

Akwai wata magana da ba ta wasa ba ce, game da kan da hannun. Ban sa ta a nan ba, don na san kana karanta wa Inna wasiƙuna da ƙarfi, ba na so hankalinta ya tashi. Na rubuta ta a ƙasan filin gyaran, na ja mata layi biyu. Ka karanta kai kaɗai, ka kuma yi abin da na roƙa cikin makon nan. Don Allah.

'Yarka,
Matuƙiya

Litinin, 24 ga Maris

Matuƙiyata,

Ina gaishe ki, Innarki tana gaishe ki. Muna nan.

Wasiƙarki ta ba ni wahala. Layukanki ba su da farko, kowanne daga tsakiya yake tashi, kamar an yage takardar. Ko gaggawar jarrabawa ce? Na tsinci abin da na iya tsinta. Kin dawo mini da wasiƙata, kina maganar jan biro, na duba gaba da baya ban ga ko ɗigon ja ba. In wasa ne, ban gane shi ba.

Na dai gane kina zargina da yar da ƙugiya. Ban yar ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa yar da ita ba. Abin da na rubuta shi nake nufi. Kan yana ciwo kullum, a bayan idon dama, ina daurewa. Ban so in faɗa da yawa ba, na ɗauka kalma ɗaya ta ishe ki. Kada ki damu, bayan biki zan je a duba ni. Yanzu ba lokaci.

Ga abin farin ciki: jirgi ya ƙare! Ranar Juma'a na ɗaure igiyar ƙarshe, na ɗora ƙyallayen, na zauna ina kallonsa har abinci ya huce. Aikin ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Na yi tsammanin zaren ba zai isa ba, sai ga rabinsa ya rage. Turakun sun ɗan sunkuya, amma ina jin katakon ne bai bushe sosai ba tun farko.

Na sa an kira mai hoto. Ya tsaya inda nake zama, ya leƙa, ya ɗago kai ya ce, “Malam, haka za a ɗauka?” Na ce to da yaya? Ya ce shi ke nan. Mutanen yanzu ba su san jirgi ba. Na tsaya a gefe ya haɗa da ni. Ga hoton nan, ki nuna wa dattijon nan mai tambayar ko ina da mata.

Innarki ta sa ni gaba da maganar asibiti. Na ce mata wanda ya ƙulla ƙulli ɗari bakwai da hantsaki ba marar lafiya ba ne. Ta ce ita dai ba ta san ƙulli ba, mijinta ta sani.

An sa bikin ranar Alhamis, 17 ga Afrilu. Kin gama jarrabawa ke nan. Ni zan kai jirgin makaranta da hannuna, ba mai taɓa mini shi.

Kawunki

Alhamis, 3 ga Afrilu

Inna,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Wannan wasiƙa taki ce, ba ta Kawu ba. Na rubuta a bayan ambulan cewa masinja ya ba ki hannu da hannu ya karanta miki. Wanda ke karantawa, don Allah ka bi a hankali, kada ka tsallake komai.

Inna, Kawu ba shi da lafiya, kuma ciwon babba ne. Ke kika fara gani, ni kuma ina nan ina dariya.

Sai yau wasiƙarsa ta iso da hoton. Jirgin bai ƙare ba. Gefen da ke damansa ya cika da igiyoyi, kowane ƙulli a wurinsa, aiki mai kyau irin nasa. Gefen hagu babu ko zare ɗaya. Turakun uku duk sun karkace sun bi igiyoyin. Shi da ya koya mini ɗaya dama, ɗaya hagu. Yana tsaye a gefe yana murmushi, an gyara gemu ta dama, ta hagu an bar shi, hannun rigarsa na hagu ma bai shiga daidai ba.

Na miƙa wa nas ɗin da muke zama tare. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in kawo duk wasiƙunsa. Ta ce filin da yake bari a takarda ba don gyara ba ne. Ta ce akwai ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ido lafiyarsa ƙalau, amma duk abin da ke hagun mutum sai ya zama kamar babu shi a duniya, shi kuma bai san ya rasa komai ba. Shi ya sa rabin abinci, shi ya sa ƙyauren ƙofa. Ta ce abin da ya same shi a gaban allo shi ne farko, kuma yana iya dawowa da ƙarfi, ba sallama.

Tun makonni uku da suka wuce na roƙe shi ya je asibiti. A gefen hagu na takarda na rubuta, Inna. A wurin da ba ya gani. Ya ce mini yana daurewa, na mayar da shi wasan harafi. Ki yafe mini.

Ga abin da za ki yi. Ranar da aka karanta miki wannan, a ranar za ki kai shi babban asibiti, ba kemis ba. Ki tafi da hoton in akwai wani a gida. Zai ce bayan biki. Kada ki yarda. Ki kira shugaban makaranta ya sa baki, yana jin nauyinsa. In za ki yi masa magana ko ki ba shi wani abu, ki tsaya ta damansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babban titin da ke tsakanin gida da makaranta. Kada ya tsallaka shi shi kaɗai, ko sau ɗaya, ko da rana tsaka. Motar da za ta fito ta hagunsa ba zai gan ta ba. Ki ɓoye makullin keke.

Na buga wayar ofishin makaranta sau huɗu yau, ba ta shiga. Zan ci gaba da gwadawa. Na nemi a ɗaga mini jarrabawa an ƙi. Ina fitowa daga ita ranar Talata zan kama hanya, in Allah ya yarda ranar Alhamis 10 ga wata da yamma ina gida. Mako guda ke nan kafin ranar da zai ɗauki jirgin. Ki riƙe mini shi zuwa lokacin.

'Yarki

Laraba, 9 ga Afrilu

Matuƙiyata,

Gaisuwa, da fatan an fito jarrabawa lafiya. Na yi miki addu'a jiya da safe. Ni ina nan. Kan ya ɗan matsa tun shekaranjiya, amma yau da sauƙi.

Ni kaɗai ne a gida. Ranar Litinin aka aiko cewa ƙanwar Innarki ta faɗi ta karye a ƙugu, ta tafi duba ta, sai gobe da yamma za ta dawo. Ba ta so tafiya ba, ni na tura ta. Tana ɗaura mayafi masinja ya kawo wasiƙarki. Wai ya ce tata ce, zai karanta mata. Ta ce masa ita ba a karanta mata maganar gida a bakin ƙofa, tana da malami a ɗaki. Ta shiga ta ajiye mini a kan teburin aiki, ta ce in ta dawo in karanta mata. Kin ga an fara shiga ɗakin.

Na duba teburin ban ga wasiƙa ba. Na duba jiya, na duba yau. Jirgi ne kawai da rula da ragowar zare. Ko ta tafi da ita a jaka ba ta sani ba. Ba komai, in ta dawo ma nema. Amma me kike rubuta wa Innarki da ba za ki rubuta mini ba? In asirin kyautar bankwana ne, na yi kamar ban ji ba.

Ga canji. Kafinta ya gama akwatin gilashin da za a sa jirgin, shugaba ya aiko cewa a kawo shi gobe da safe a gwada, kada a bari sai ranar biki. Ya ce masinja zai zo ya ɗauka. Na ce a gaya masa na gode. Mutumin da ke riƙe wasiƙa kamar zai murɗe ta ba zai riƙe mini turke uku ba. Na cire kusoshin ɗazu, na gwada ɗaukarsa. Ba nauyi, sai dai tsawo, yana tare mini gaba kaɗan, hannun hagu kuma sai na riƙa tuna masa aikinsa.

Ina so in isa kafin a shiga aji, yara su gan shi yana shigowa ta ƙofar makaranta. Na daɗe ina hango wannan. Na san wanda zai fara tambaya, na san abin da zai tambaya: Malam, ina injin? Sai in ce ya hura ƙyallen ya gani.

Rabona da babban titi tun da na fara hutu, don haka da hantsi na taka zuwa bakinsa na tsaya na duba. Kin san an gyara shi? Ba wanda ya gaya mini. Yanzu ta hannu ɗaya kawai motoci ke zuwa, daga dama. Na tsaya kusan minti goma ina lura, ko ɗaya ba ta fito ta ɗayan wajen ba. Ƙara dai tana nan da yawa, har wani ya danna mini hon kamar a cikin kunnena, na ji iska ta kaɗa mini riga, na duba ban ga mai yi ba. Direbobin yanzu sai a hankali.

Wannan wasiƙar ba zan jira masinja ba, zan jefa ta da kaina a akwatin gidan waya da ke tsallaken titi. Ƙarfe bakwai zan fita. Lokacin manyan motocin kaya ne, na sani, amma abin ya zo da sauƙi yanzu. Jirgi a hannu, ido a dama, da na ga babu mota sai in taka.

Ki gaishe da abokiyar zamanki. Ki zo da wuri.

Kawunki